Kawu Ƙarami da Fim ɗin da Mutum Biyu Kaɗai Suka Gani

Daga Allah muke, kuma gare Shi Kawu Ƙarami ya riga mu komawa, ranar wata Talata da hantsi, a tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Mutanen Magariya suka baro gonakinsu da laka a ƙafa, suka cika ƙofar gida har tabarmi suka ƙare, aka ara daga masallaci.

Uwata tana da yayye biyu maza. Kawu Babba shi ne limamin unguwarmu, mutum ne da ba a ganin haƙorinsa sai in asuwaki yake yi. Kawu Ƙarami, wanda muka binne, shi ne mai rumfar kallo ta bayan tasha. Mahaifinsu falke ne mai kai gyaɗa Kano a kan jakuna, ya rasu Inna tana goye a baya. Babu hotonsa ko ɗaya a duniya. Kawu Babba ne ya riƙe ƙannensa tun yana saurayi, kuma har yau riƙon bai sake shi ba.

A zaman makokin kowa ya zo da nasa Kawun. Wani mai kabu-kabu ya ce a rumfarsa ya fara sanin akwai teku. Wani tsoho makaho, wanda ɗansa ya jawo shi tun daga Waca, ya zauna yana share hawaye da gefen rigarsa yana cewa, "Ni ban taɓa ganin fim da ido ba, a bakinsa na gani. Ya zaunar da ni kusa da shi, ya ce mini ga mota ta taho, ga ta ta kife, har in ji zuciyata ta faɗi." Aka shafa Fatiha.

Daga nan ne abin ya ɓaci. Wani tela abokina ya tuna ranar da Kawu ya yi magana da goro, dariya ta suɓuce masa, ya toshe baki bai samu ya riƙe ta ba. Na kusa da shi suka kama. Wani ya leƙo ta kafaɗata, ya kira ni da sunan da ake kiran ɗan boko a wurinmu, ya ce, "Mushe, fim ɗin nan da kuka yi da shi yana nan kuwa? Tura mana a salula mana, mu riƙa ganinsa." Bai san muryarsa ta kai inda ta kai ba. Na ɗaga kai, na ga carbin Kawu Babba ya tsaya cak a hannunsa.

Da aka idar da la'asar ya kira ni cikin zaure.

"Kai, abin nan yana wurinka?"

"Wane abu, Kawu?"

"Kada ka mai da ni yaro."

"Yana nan, Kawu. A kwamfutata kaɗai yake, babu shi a wurin kowa."

"Ranar addu'ar bakwai ka zo da ita. A gabana za ka goge shi. An yi masa dariya yana raye, ba za a yi masa yana kabari ba."

Na ce to. Wa ya isa ya ce masa wani abu ban da to? Amma da na fito na rasa yadda zan yi, domin a cikin fim ɗin nan kaɗai muryar Kawu Ƙarami ta rage. Idan aka goge shi, an gama, sai abin da ƙwaƙwalwarmu ta riƙe, ita kuwa mun san halinta. Kwana shida nake da su. Cikin waɗannan kwanaki na fara rubuta abin da kuke karantawa, don in fim ya tafi takarda ta tsaya.

Kawu Ƙarami ya gudu Damagaram yana saurayi, ya sami aiki a gidan silima, shi ke ɗora faifan fim a inji ya haska a bango. Yakan ce akwai fim ɗin da ya gani fiye da yadda ya ga fuskar matarsa. Da gidan silima ya mutu ya dawo gida da tele, wato talabijin, da injin kaset, ya kafa rumfa. Ba ya jin Turanci, Faransancinsa na tasha ne, Indiyanci kuwa ko sannu bai sani ba, amma shi ke fassara wa mutane komai, kuma babu wanda ya taɓa kama shi da ƙarya. Ana kiran salla yake kashe tele, ko da jarumi yana rataye a bakin rami. "Zai jira ku," yake cewa. "Allah ne ba a sa Shi jira."

Cikin dukan finafinai babu wanda yake so kamar na 'yan leƙen asiri masu ban dariya, irin waɗanda ake ba wa wawa babban aiki na gwamnati, ya ɓata komai, kuma ya yi nasara bai san ya yi ba. Matsalar kallo da Kawu ita ce yana riga kowa dariya. Jarumi bai gama shigowa ɗaki ba, Kawu ya riƙe ciki. Sai ya danna ya tsayar da kaset, rumfa ta ɗau ihu, shi ko a jikinsa.

"Ku tsaya in nuna muku. Kun ga yadda ya gyara wuyan riga bayan ya faɗo daga bene? Na wani tsohon jarumi ne, wanda ko bam ya tashi da shi rigarsa ba ta yamutsewa. Shi ake tsokana. Wannan faɗuwar kuwa ta girmi ubanninku, tun lokacin da fim ba ya magana ake yin ta. Shi kuma mugun nan mai shafa kyanwa, ai kakansa na sani."

"Tsoho, don Allah sake mana fim!"

"Ku kuna dariyar mutum ya faɗi. Ni ina dariyar wanda ya ara wa faɗuwar."

A wurinsa kowane fim yana da dangi. Yana iya faɗa maka wannan harara daga fim ɗin kaboyi aka ɗauko ta, wannan tsalle na 'yan Sin ne, wannan gudu a bayan mota an yi shi sau ba adadi kafin a haife ka. Wata rana na ce masa to ashe masu ban dariyar nan ɓarayi ne, kuma raini ne ke sa su kwaikwayi na gabansu. Ya dube ni kamar na zagi wani nasa.

"Mushe, ka yi boko a lekwal amma ba ka gane ba. Wanda ya raina ka ba ya tsayawa ya kalle ka. Kafin mutum ya iya tafiyarka sai ya daɗe yana bin bayanka da ido. Ba a kwaikwayon abin da ba a so."

Shi ya kawo shawarar mu yi namu. Ni na riƙe salular ɗaukar hoto, tela abokina ya zama jarumi, Kawu kuwa ya zama Shugaban 'yan leƙen asirin ƙasa baki ɗaya. Ya zaro wata baƙar kwat daga ƙarƙashin akwati, wadda asu ya ci kafaɗarta, da baƙin tabarau mai hannu ɗaya da ya ɗaure da zare. A finafinan Turawa jarumi yana magana da agogo ko alƙalami, namu Shugaban da goro yake kiran hedikwata, in ya gama magana ya gutsuri rabin rediyon ya tauna. Motar jarumi mai harba wuta ta zama jakin maƙwabcinmu, wanda ba ya tafiya sai ya ga dama. Kowane motsi Kawu sai ya faɗa mana asalinsa kafin a ɗauka, wai bai halatta ka ari abu ba ka san mai shi ba.

Sau ɗaya kaɗai ya ƙi faɗa. A gonarsa ne, da safe, gefen rumbu, wurin da Shugaba zai sallami jarumi zuwa babban aiki. Kawu ya cire kwat da tabarau, ya ce wannan ba ya son su. Ya maida hannun hagu bayansa, ya zagaya jakin yana ɗan jan ƙafar dama, ya ja igiyar kaya sau biyu, ya dafa goshin jakin, sannan ya ba jarumi umarnin sirri da wata murya mai kauri da ban san shi da ita ba: "Ka ci abinci kafin ka yi fushi. Ka shayar da dabba kafin ka sha. In ka isa, ka aiko." Ni da tela muka yi ta dariya, wai wannan ne sirrin gwamnati. Na tambaye shi daga wane fim ya ɗauko. Ya ce, "Tsohon fim ne. Mutum biyu kaɗai suka rage da suka gan shi." Na ɗauka wani faifai ne da ya lalace a Damagaram, ban ƙara tambaya ba.

Kuskurenmu ya zo ranar ɗauka ta ƙarshe, shekara uku da suka wuce. Muna son kasuwa mai cike da mutane, sai muka hau moto mai ƙafa biyu muka tafi wani ƙauye a kan hanyar Sassumbrum ranar da kasuwarsu ke ci. Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san baƙo ba ya fara komai a gari sai ya je ya gai da mai gari ya faɗi abin da ya kawo shi. Na tuna wa Kawu. Ya gyara tabarau ya ce, "Ka taɓa ganin ɗan leƙen asiri ya yi sallama?" Muka yi dariya muka wuce. Abin da ba mu sani ba, a makon nan aka kore wa makiyayan yankin shanu, kuma magana ta bazu cewa akwai masu shigowa kasuwa su ƙirga dabbobi su kai wa ɓarayi labari.

To ga tsoho cikin baƙar kwat a tsakar rana, ya laɓe bayan buhunan wake, yana leƙen kara inda ake sayar da shanu, yana raɗa a cikin tafin hannunsa. Ni kuma ina nesa ina ɗaukar hoto a ɓoye, kamar yadda ya umarce ni.

Ban ga lokacin da suka kewaye mu ba. Na dai ji an fizge salular, na ji mari a kunnena na hagu wanda har yau in ruwa zai sauko yakan tuna mini. Sanduna suka tashi sama. Wani Bafillatani dogo, idanunsa jajir, ya shaƙe wuyan kwat ɗin Kawu yana cewa, "Da wa kake magana? Buɗe hannunka!" Kawu ya buɗe. Goro ne fari, an gutsure gefensa. Babu wanda ya yi dariya. Wani ya ce ai irin na'urorin yanzu haka ake yin su. Na ga an fara tsintar duwatsu, na yi kalmar shahada a zuciyata.

Mai garin ne ya cece mu. Ya ratsa taron ya tura mu cikin zaurensa ya sa aka rufe ƙofa, ya ce ba za mu fita ba sai wani sananne ya zo ya tsaya mana. Aka aika gidanmu. Mun zauna muna jin hayaniya a waje tana tashi tana sauka. Kawu yana ta ƙoƙarin haɗa yagaggen wuyan kwat ɗinsa. Can ya ce a hankali, "Mushe, ka yafe mini. Da mun yi sallama."

Kawu Babba ya iso bayan azahar a bayan kabu-kabu, rawaninsa ya kwance. Na ga limamin unguwarmu, wanda mutane ke durƙusa wa, ya durƙusa a gaban mai garin da bai kai shi shekaru ba, a gaban 'yan kasuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ɓarawo ba ne, ba ɗan rahoto ba ne. Wasa ne ya ƙi sakinsa har ya yi furfura. Ni na rene shi, laifin nawa ne." Aka sake mu. Aka maido mini salulata, muka kama hanyar gida.

Tun daga ranar, tsakanin kawunnena biyu sai gaisuwa. Kawu Ƙarami yana bin sahu a bayan yayansa sau biyar a rana, a yi sallama, "An tashi lafiya?" "Lafiya lau," kowa ya nemi takalminsa. Inna ta yi kuka, ta yi roƙo, babu abin da ya motsa. Fim ɗin na haɗa shi na gama, Kawu ya kalla sau ɗaya, ya ce in ajiye kada ya fita. "Ba na so ya sake durƙusawa saboda ni." Da ciwon ajali ya kwantar da shi, lokotoron asibiti ya ce a maida shi gida, Kawu Babba yana zuwa kullum ya yi masa addu'a ya tofa ya fita. Na sha ganin Kawu Ƙarami ya buɗe baki kamar zai kira shi, sai ya bi bayansa da ido har ya fice.

A kwanakin makokin na nemi mafita ta ko'ina. Tela ya ce in kwafe shi a wani wuri in goge na kwamfutar, tsoho ba zai taɓa sani ba. Na yi tunanin haka, ba zan ɓoye ba, har na sayo abin kwafewar na sa a aljihu. Amma na san zai tambaye ni ko akwai wani, kuma zai sa in rantse, ni kuwa ban iya rantsuwar ƙarya a gaban mutumin da ya durƙusa don a bar ni da raina ba. Na je wurin Inna. Ta ce, "Ni ban san uba ba, shi na sani. Abin da ya ce, shi za a yi." Ta faɗa tana kuka. Na ji haushinta, na ji haushinsa, na fi jin haushin kaina. Abin da na iya yi shi ne in zauna kowace rana bayan azahar in kalli wurin nan na gefen rumbu, don a nan ne fuskar Kawu ta fi fitowa ba tabarau.

Ranar bakwai aka yi addu'a da safe, aka raba waina, mutane suka watse zuwa gonakinsu. Kawu Babba ya shiga zaure ya zauna a kan buzunsa. Na shigo da kwamfuta na durƙusa na buɗe ta.

"Ga shi nan, Kawu. In na danna nan sau biyu, ya tafi."

"Tsaya. Na san ku 'yan lekwal. Za ka goge mini wani abu daban ka ce shi ne. Buɗe in gani da idona."

Na buɗe. Fim ɗin ya tashi daga inda na tsaya jiya. Ga gona, ga rumbu, ga jaki ya sunkuyar da kai. Kawu Ƙarami ya shigo cikin tsohuwar rigarsa, hannun hagu a baya, yana jan ƙafar dama.

"Shi ne," in ji Kawu Babba. "Goge..."

Bai ƙarasa ba. A cikin kwamfutar an ja igiya sau biyu, an dafa goshin jaki. Muryar nan mai kauri ta cika zauren. "Ka ci abinci kafin ka yi fushi. Ka shayar da dabba kafin ka sha."

"In ka isa, ka aiko," in ji Kawu Babba. Tare suka faɗa, ba wanda ya riga wani.

Sai dariyata da ta tela suka fashe a cikin fim ɗin, na yi sauri na tsayar, kunya ta rufe ni. Na jira tsawa. Da na ɗaga kai na ga carbinsa a ƙasa.

"Wa ya koya masa wannan?"

"Babu kowa, Kawu. Na tambaye shi, ya ce tsohon fim ne, mutum biyu kaɗai suka rage da suka gan shi."

Ya daɗe yana kallon fuskar ƙanensa da ta tsaya a kan gilashi.

"Jaki ne ya harbi Baba a gwiwa, shi ya sa yake jan ƙafar. Ranar da ya fara aikena Kano ni kaɗai ya faɗa mini maganar nan. Wannan yana laɓe bayan rumbu, bai fi haka ba." Ya nuna tsawon yaro da hannunsa. "Ashe yana kallo. Ni na manta yadda yake sa hannu a baya. Wallahi na manta."

Ya share fuskarsa da jelar rawani. Yatsana yana nan kusa da wurin gogewa, ban san abin da zan yi da shi ba.

"Kawu, in goge?"

"Ɗauke hannunka daga nan. Ana iya mayar da shi baya?"

"Ana iyawa."

"To mayar. Ka tsaya kafin dariyar taku." Ya gyara zama, ya matsa gefe ya bar wuri a kan buzun. "Ka je cikin gida ka kira uwarka. Ka ce ta zo ta ga yadda babanta yake tafiya."

Inna ta zo tana goge hannu a zaninta, ba ta san dalilin kiran ba. Ta zauna kusa da yayanta, mace mai jikoki, ta ga ubanta ya zagaya jaki. Sau huɗu na mayar musu. A na huɗun ta miƙa yatsa ta taɓa gilashin.

Fim ɗin yana nan, bai shiga salular kowa ba, kuma ba zai shiga ba. Allah Ya jiƙan Kawu Ƙarami, Ya yafe masa sallamar da bai yi ba da duk abin da ya fi ta nauyi, Ya haskaka kabarinsa, Ya sada shi da mutumin da ya daɗe yana bin bayansa da ido. Kawu, ka isa, kuma saƙonka ya zo.